Daga Dundumi Zuwa Tukunyar Miya



Yau maganar dundumi za mu yi, da abin da ke kawo shi. Manyanmu sun san shi sarai. Yaro ne da rana yana ta guje-gujensa, lafiya lau, amma da an kira magariba sai ya nemi gindin bango ya rakuɓe. A ajiye kwanon tuwo a tsakar gida ka ga yana lalube, in ya miƙe ya yi tuntuɓe da turmi. Wani ya ce tsoro ne, wata ta ce sangarta ce, kakarsa kuma ta ce ai dundumi ne, da ruwa ya sauka zai wuce. Sau da yawa kuwa yakan wuce ɗin, shi ya sa ba mu ɗauke shi ciwon zuwa asibiti ba. Mai ciki ma takan yi shi in watanninta sun yi nisa, ta haihu ya tafi, a manta.

Abin da ke faruwa a idon an daɗe da gano shi. Can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, a jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin da aikinsu shi ne gani cikin duhu-duhu. Ba sa aiki sai da wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin A. Da haske ya taɓa sinadarin sai ya warware, dole a sake haɗa shi, sake haɗawar kuma tana cin bitamin. Wani masani Ba'amurke, George Wald, shi ya bi diddigin wannan har aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Saboda haka in bitamin ya yi ƙasa a jini, ganin dare ne ke fara tafiya. Masu maganin tsohuwar Masar da na Girka sun yi ta yi wa mai dundumi magani da hanta ba tare da sun san me ke cikinta ba. Sai a 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka lura ɓerayen da suke ba man shanu ko gwaiduwar ƙwai suna ci gaba da girma, waɗanda aka ba man zaitun kuwa girmansu ya tsaya. Abin nan da ke cikin man shanu shi aka raɗa wa suna bitamin A daga baya.

Hanta ita ce rumbunsa. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na bitamin A da ke jikin mutum a can yake ajiye, ana ɗibarsa kaɗan-kaɗan zuwa jini. Babban da ya ci abinci mai kyau zai yi watanni yana ci daga ajiya. Jariri kuwa da rumbu kusan wayam ake haifarsa, ko da uwar ƙosasshiya ce, nononta ne ke cika masa. To ku duba: kafin yaro ya kai ga lalube da magariba, ajiyar ta daɗe da ƙarewa. A kan kowane yaro ɗaya mai dundumi a unguwa, akwai wasu da dama da nasu ya yi ƙasa amma idonsu bai nuna ba tukuna.

Nan ne maganar ta wuce ido. Wani likitan ido mai suna Alfred Sommer ya tafi Indonesiya a 1976 don ya binciki makantar yara. Shi da abokan aikinsa suka riƙa duba yara kusan 4,000 a ƙauyukan tsibirin Java, duk bayan wata 3. Da ya zauna yana bin takardun, sai ya ga wani abu da ba shi ya je nema ba. Yaran da aka rubuta suna da dundumi, ko ɗan farin tabo mai kumfa-kumfa a farin ido, su ne in an koma zagaye na gaba ba a samunsu. Sun rasu. Mutuwarsu ta ninka ta sauran yara kamar sau 4, kuma gudawa da ciwon ƙirji sun fi kama su. Ya buga wannan a 1983, likitoci da yawa suka yi biris. Ya kuma yi gwaji a lardin Aceh, ƙauyuka 450, yara wajen 26,000, aka ba na wasu ƙauyukan kafson bitamin A sau biyu a shekara, aka bar wasu. Sakamakon ya fito a 1986: inda aka ba da kafso, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 34 cikin 100. Aka ce abin ya yi yawa, ba zai yiwu ɗigon mai na 'yan kwabbai ya yi wannan aiki ba. Aka sake gwadawa a Nepal da kudancin Indiya. Aka gwada a nan maƙwabtanmu, a yankin Navrongo na arewacin Ghana, ƙasa mai irin yanayinmu da irin abincinmu, a kan yara fiye da 21,000, aka samu ragin kashi 19 cikin 100, aka buga a 1993.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tantanin da ya shimfiɗe cikin hanji, da na maƙogwaro har zuwa huhu, da na saman ido, duk sai da bitamin A suke zama da damshi da ƙwari. In babu shi sai su bushe, su yi kaushi, ƙwayar cuta ta samu hanya. Su ma ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta ƙarfinsu kan ragu. Gudawar da za ta yi wa ɗan maƙwabci kwana biyu ta tafi, wannan sai ta kwantar da shi, kuma kowace gudawa tana ƙara kwashe ɗan abin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda wannan rashi, rabinsu kuma ba sa cika shekara guda a raye bayan makantar. Shi ya sa ba ka cika ganinsu sun girma ba, balle ka ƙirga su.

Babbar abokiyar tafiyar wannan rashi a ƙasarmu ita ce ƙyanda. Lokacinta bazara, daidai sa'ad da ɗanyen ganye ya yi wuya a gidan da ba lambu, shanu sun rame, nono ya ja baya. Ƙyanda tana cinye bitamin A da sauri, ga baki ya yi gyambo yaro ba ya cin abinci, ga gudawa. Yaron da dama ajiyarsa kaɗan ce, cikin kwana ɗaya ko biyu tantanin da ya rufe baƙin idonsa zai iya yin laushi ya narke. In ya tsira da rai sai a bar shi da hakiya, wani lokaci a ido biyu. Tun a 1979 likitoci biyu da suka yi aiki a arewacin Najeriya, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, suka rubuta yadda ƙyanda ke barin gyambo a idon yara, musamman masu tamowa. Mu kuma mukan ƙara wa abin nauyi da hannunmu. A kulle yaro a ɗaka a ce kada iska ta taɓa shi, a hana shi nama da ƙwai da mai, in idon ya yi ja a ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi da maƙwabciya ta kawo. Inna, na san ƙauna ce ta sa, amma idon da ya riga ya yi laushi, ruwan ganyen nan ƙarasa shi yake yi.

Maganin kuwa sananne ne tun da daɗewa. A 1932 wani likita a Landan, Joseph Ellison, ya ba yara masu ƙyanda man hantar kifi, mutuwa ta ragu da fiye da rabi, sannan duniya ta manta da aikinsa shekaru hamsin. A 1990 aka sake gwaji a Cape Town ta Afirka ta Kudu a kan yara 189 da ƙyanda ta kwantar a asibiti. Yara 12 suka rasu, 10 daga cikinsu waɗanda ba a ba bitamin ba ne. Ƙa'idar yau ita ce duk yaron da aka kai asibiti da ƙyanda a ba shi bitamin A a ranar, a sake ba shi washegari, in idon ya taɓu a ƙara na uku bayan 'yan makonni. In aka sallame ku ba a ba shi ba, ku tambaya, haƙƙinku ne. Amma a ji ni da kyau, bitamin A ba ya hana kamuwa da ƙyanda. Allura ce ke hanawa, a wata 9 da kuma wata 15 a tsarin Najeriya. A 2025, da ƙyanda ta ɓarke a jihar Texas ta Amurka, wasu iyaye masu gudun allura suka yi ta ɗura wa 'ya'yansu bitamin A a gida, har likitoci suka ba da rahoton yaran da hantarsu ta taɓu. Ashe gudun allura ba a kanmu aka fara ba, ba kuma a kanmu zai ƙare ba.

Mu zo kan kafson da kuka sani. Shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja na ɗan shekara 1 zuwa 5, kuma jan ya ninka shuɗin ƙarfi. Ma'aikaciyar lafiya ta yanke bakinsa da almakashi ta matse a bakin yaro, shi ke nan, hanta ta ajiye, ya ɗauke shi wata 4 zuwa 6. Daga shekara ɗaya akan haɗa masa da maganin tsutsar ciki. Wani yaron yakan yi amai ko ciwon kai, jariri kuma maɗigarsa ta ɗan tasa, amma cikin kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabon kafson da zagayen rigakafin shan-inna, tun 1997, abin da ya kai shi ƙauyukan da ba su taɓa ganin asibiti ba. A Najeriya akwai makon lafiyar mata da ƙananan yara da jihohi ke yi sau biyu a shekara, kuma ana bayarwa a wurin rigakafi na yau da kullum.

Gaskiya ɗaya ce, masana ba su gama jayayya a kan girman amfaninsa ba. An yi wani gagarumin gwaji a jihar Uttar Pradesh ta Indiya a kan yara kimanin miliyan 1, sakamakon ya fito a 2013, ragin mutuwar da aka gani bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Wasu suka ce zamani ya sauya, allurar ƙyanda da ruwan gishiri da sukari sun riga sun yi aikin. Wasu suka ce gwajin ne ba a sa masa ido yadda ya kamata ba. Da aka tattara duka gwaje-gwajen wuri ɗaya, lissafin ya tsaya wajen kashi 12 cikin 100. Ni a ganina, a garin da har yanzu ƙyanda ke zagayowa duk bazara, gadajen tamowa kuma suke cika duk damina, kashi 12 ma ba abin wasa ba ne. A kai yara a karɓa.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Mafi yawan kafson nan kyauta ce daga gwamnatin Kanada, ta hannun ƙungiyar Nutrition International da UNICEF. Shi kansa araha ne, kuɗin yana wajen kai shi: mai na babur, alawus na ma'aikata, shela. Tun da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna a 2020, ba mai cewa zagayen gida-gida zai dawwama. A 2025 kuma mun ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta USAID cikin 'yan watanni, ayyukan lafiya da yawa suka tsaya cak. Kusan shekara talatin muna jiran a ƙwanƙwasa ƙofa a ɗiga wa yaro abin da ke tsirowa a bayan katangar gidansu. Kafso ceto ne, kuma a ci gaba da ceton, amma sau biyu yake zuwa a shekara, tukunya kuwa kullum ana ɗora ta.

Bitamin A iri biyu yake zuwa a abinci. Akwai gamamme, wanda jiki ke ɗauka kai tsaye, yana cikin hanta, gwaiduwar ƙwai, man shanu da madara mai maiƙo. Akwai kuma na tsirrai, wato launin nan ruwan lemo da ke cikin karas, kabewa, mangwaro, gwanda da manja, wanda yake ɓoye kuma a cikin ganye mai duhun kore. Sunansa karotin, sai jiki ya juya shi kafin ya zama bitamin, kuma juyin akwai asara: a lissafin masana, awo 12 na karotin ɗin abinci ke ba da awo 1. Ba ya kuma shiga jini sosai sai da maiƙo. Gero, dawa, farar masara, shinkafa da farin rogo kuwa, kusan babu komai a cikinsu ta wannan fanni.

Yanzu ku tuna abin da ɗan yaye ke ci. Koko da safe, da ɗan sukari in an samu. Da rana fura ko ragowar kokon. Da dare loma biyu ta tuwo, a dangwala masa a ruwan miya, ganyen da naman suna can ƙasan kwanon manya. Cikinsa ya cika, ba ya kuka, uwa ta ce ya ƙoshi. A daidai shekarun da ya fi kowa bukata, shi ne ya fi kowa samun farin abinci a gidan.

Maigida, da kai nake. Gram 100 na dafaffiyar hantar saniya ya haura abin da kai babba kake bukata na mako guda. Ɗan shekara biyu kuwa kashi ɗaya cikin uku na naka yake bukata. 'Yar yanka biyu daga tsinken tsiren da kake ci a tsaye a bakin titi za ta ɗauke shi kwanaki. Amma a gidajenmu wa ke cin hanta? In an yanka kaza, hanta da ƙundu na maigida ne. Ranar layya ita ake fara gasawa, manya su buɗe baki da ita, yara su samu abin da ya saura. Ban ce a sauya al'ada ba, cewa na yi a gutsura. Sau ɗaya a mako, a dafa 'yar hanta, ta kaza ko ta akuya, a murtsuke ta a cikin abincin yaro tun daga wata 6. Ba kullum ba, don tana da ƙarfi.

Haka ƙwai. Har yau akwai gidan da ake cewa in yaro ya saba da ƙwai zai yi sata. Da damina ƙwan zabi yana yawa a ƙauye, a dafa a kai tasha a sayar wa matafiya, ɗan mai zabin bai ɗanɗana ba. Ban taɓa jin alƙalin da ya tambayi ɓarawo ko an ba shi ƙwai yana yaro ba. Nono ma akwai abin lura. Bitamin A a cikin maiƙo yake zaune, in aka kaɗa aka tsame man shanu, ya bi man ya tafi. Nonon da aka tsame yana da amfaninsa wajen gina jiki, amma in don wannan bitamin ne, kindirmo za a nema wa yaro, ko a jefa ɗan man shanu a cikin tuwonsa.

Manja kuwa, a cikin duk abin da tsiro ke bayarwa da wuya a samu wanda ya kai shi, don ga karotin ga maiƙo a haɗe. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi ƙaramin yaro na yini. A Burkina Faso, a yankunan arewa da ba a noman kwakwar manja, an gwada zuba shi a abincin 'yan makaranta da na mata da 'ya'yansu, aka ga bitamin ya ƙaru a jininsu. Matsalar tana wurin suya. Uwargida ta ɗora manja a wuta har ya yi hayaƙi, jan ya washe, wai don a kashe gafinsa. Wannan jan da ya tafi, shi ne abin da muke nema. A narka shi kawai, ko a zuba shi bayan an sauke, a kan ɗanwake, ko alala, ko fate, ko wake da shinkafa. A kuma saya a hannun wanda aka yarda da shi, don hukumomi a Najeriya da Ghana sun sha kama manjan da aka zuba wa rini don ya ƙara ja.

Ganye Allah Ya hore mana shi: zogale, alayyafo, rama, tafasa, lalo, yakuwa, ga kuka. Wadda ta fara haɗa miyar taushe, kabewa da alayyafo da gyaɗa a tukunya ɗaya, ba ta karanta komai a kan karotin ba, amma da masana za su zauna su tsara miya don wannan aiki, da wuya su wuce ta. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ma haka, ganye ne da maiƙo. Illa dai mun mai da kwaɗo abin marmarin mata da hantsi, a cika masa yaji har yaro ba zai iya kai shi baki ba. A ɗebi nasa kafin a zuba yajin, a daka masa ya yi laushi. Sai shanya. Kuka ko zogalen da aka baza a tsakar rana kwana da kwanaki har ya koma ruwan ƙasa, rana ta cinye mafi yawan karotin ɗinsa. Wanda aka shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, yakan bushe da korensa, kuma koren nan shi ne shaida. In za ki sayi kuka, Hajiya, duba launinta kafin ki duba cikar gwangwanin.

Mangwaro yana nuna a daidai lokacin ƙyanda, yana zuba yana ruɓewa a gindin bishiya, wasu iyayen kuma suna korar yara daga gare shi wai yana sa zazzaɓi da gudawa. Ƙuda da dattin hannu ne ke sa gudawa. A wanke, a ba su nunanne su sha, abin da suka tara a hanta zai raka su cikin damina. Burkina Faso da Mali har busar da shi suke yi suna sayarwa Turai.

Gwamnati ma ta shigo ta ƙofar masana'anta. Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a zuba bitamin A a man girki da sukari da fulawa, hukumomin NAFDAC da SON ke da alhakin sa ido, kuma kayan da aka zuba wa suna ɗauke da tambarin ido a jikin mazubinsu. A Nijar da maƙwabtanta masu Faransanci tambarin yana ɗauke da kalmar Enrichi. Dabara ce mai kyau, sai dai talaka ba ya sayen galan mai hatimi. Na awo yake saye, wanda aka juye daga duro zuwa gorar ruwa, aka jera a tebur yana shan rana tun safe. Ba ka san daga ina ya fito ba, in ma an zuba masa bitamin, haske yana lalata shi. Binciken da aka sha yi a kasuwanni ya nuna mai da yawa bai kai ma'aunin da doka ta sa ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma a bakin duro ya kamata a tsare shi, ba a kan mai tebur ba. Man gyaɗar da matanmu ke matsewa a gida ba shi da bitamin A, amma kada a raina shi, shi ke taimakon ganye ya shiga jiki.

Manoma kuma akwai iri. Dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki, wanda aka gwada a Mozambik da Uganda aka ga ya ɗaga bitamin a jikin yara, har masana huɗu da suka yi aikinsa da makamantansa suka samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Najeriya ta fitar da rogo mai ruwan ɗorawa a 2011, sannan masara mai ruwan lemo, wadda cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya suka yi aiki a kanta. Ta hanyar barbarar iri aka samo su. Abin da ke tare musu hanya a wurinmu ido ne, mun saba tuwon masara sai fari sol. To ko ba a yi tuwon da ita ba, a yi wa yara kunu.

Komai dai daga nono yake farawa. Dakashi, ruwan farko mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, wanda har yanzu wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, ya fi nonon da ke biyo bayansa yawan bitamin A nesa ba kusa ba. A sa jariri a nono tun sa'ar farko. Mai shayarwa kuma bukatarta ta kusa ninka ta macen da ba ta goyo, don ita ke ci wa mutum biyu. Kunun kanwa da ruwan zafi ba su ɗauke da wannan. Dangin miji masu kai kayan barka, a haɗa da ƙwai da hanta da ganye.

Gargaɗi kafin mu tashi, don abin da jiki ke ajiyewa yana iya yin yawa. Jan kafson nan na yara, mace mai ciki ko wadda take zaton ta ɗauka kada ta kuskura ta sha, yawansa a farkon ciki yana iya naƙasa ɗan tayi. Hanta ma kada mai ciki ta mai da ita abincin kullum. Ganye, karas, kabewa, mangwaro da manja kuwa ta ci iya cinta, jiki ba ya juya fiye da abin da yake so, iyakarta tafin hannu ya yi ɗorawa-ɗorawa ya koma. In tana dundumi ta faɗa a wurin awo, akwai ƙaramin awo da ake ba masu ciki. Akwai kuma wasu magungunan ƙurajen fuska, na sha da na shafawa, da aka samo daga dangin wannan bitamin, su ma ba na mai ciki ba ne. Kada kuma a sayi kafso a kyamis a riƙa ba yaro duk wata don an ji mun yabe shi a rediyo. A duba katinsa, in an ba shi cikin watannin nan, a jira zagaye na gaba.

Wanda ba ya jira shi ne wannan: yaro mai ƙyanda, ko doguwar gudawa, ko tamowa, da ya runtse ido ya ƙi buɗewa, ko kika ga baƙin idon ya dushe ya daina sheƙi. Kada a ɗiga komai, kada a murza, kada a ce sai ranar kasuwa in mota ta zo. A ɗaure idon sako-sako da tsumma mai tsabta, a kama hanyar asibiti a ranar, ko da dare ne, a kuma gaya wa ma'aikacin da aka fara tararwa cewa idon ne ya kawo ku.